Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Turbar Chappal Waddi Da Hakkin Masu Tafiya A Ƙasa

Da za a tsaya a ƙofar ɗakin lacca a tambayi ɗalibai wane tsauni ne ya fi kowanne tsawo a duniya, da kusan dukansu za su amsa da baki ɗaya su ce Ebarest, waɗansu ma har su ƙara da cewa tsawonsa mita 8,849 ne. In aka ce na Afirka fa, nan take za su ce Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai mita 5,895. Amma da zarar an ce, to, na Nijeriya fa, sai wuri ya yi tsit. Wani ya ce duwatsun Jos, wani ya ce Zuma, wani ya sosa ƙeya. Amsar kuwa ita ce Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, yana can cikin Jihar Taraba, dab da iyakarmu da Kamaru.

Laifin wannan rashin sani bai tsaya kan ɗalibai kaɗai ba, domin littattafan labarin ƙasa da dama sun daɗe suna ba tsaunin Dimlang wannan girma, watau wanda Turawa suka sa wa suna Vogel, alhali kuwa tsawonsa bai wuce mita 2,042 ba. Abin da ya ɓoye Chappal Waddi daga idon marubuta da matafiya shi ne wuyar hanyarsa. Ra'ayinmu a nan kuwa shi ne, turbar ƙafa ita ma hanya ce, tana da hakkin a san halin da take ciki, a gyara ta, a kuma biya masu riƙe da ita. Muddin ofisoshinmu ba su ɗauki wata hanya a bakin komai ba sai wadda aka zuba wa kwalta, to, wannan tsauni zai ci gaba da zama saniyar ware, haka nan kuma ƙauyukan da yawancinmu muka fito.

Inda Tsaunin Yake

Chappal Waddi yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 ta hanyar haɗe gandayen namun daji na Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu gandun ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya, kuma ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Yankin a dā yana hannun Jamus ne, daga baya ya koma riƙon amana a hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi su zauna cikin Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Ashe ke nan ƙololuwar ƙasarmu da ƙuri'ar talakawan wannan yanki muka same ta, ya kamata a riƙa tuna wannan duk lokacin da ake maganar abin da ƙasa ta yi musu.

Mai niyyar zuwa daga ƙasar Maska sai ya tashi daga Funtuwa, ya bi ta Zariya da Jos da Bauchi da Gombe da Numan ya sauka Jalingo, sa'an nan ya nausa kudu ta Bali har Serti, inda hedkwatar gandun take. Ba a shiga sai da izini, ba a kuma barin baƙo ya tafi ba tare da ma'aikacin gandu mai rakiya ba. Wannan doguwar tafiyar mota, duk da ramuka da shingayen bincike, ita ce mai sauƙin. Daga Serti ne aikin yake farawa.

Halin Da Hanyar Take Ciki

Hanyoyi biyu ne aka sani. Ta farko ta tashi daga kwari, daga ƙauyen Gashaka, inda tudun ƙasa bai kai mita 500 ba. Mai bin ta zai hau kusan mita 2,000 da ƙafarsa, tafiyar kwanaki da dama, yana ɗauke da abincinsa da shimfiɗarsa, ko kuwa ya ɗauki 'yan dako. Zai fara da daji mai zafi da ƙudan tsando, ya shiga kurmi mai duhu inda manyan biran nan masu kama da mutum, waɗanda ake kira cimfanzi, suke zaune, sa'an nan ya fita fili mai ciyawa a bisa tudu. Babbar matsalarsa a wannan hanya ita ce ruwa. Koguna da rafuka sun gitta ta a wurare da yawa, kuma yawancin mashigai babu gada, sai a naɗe wando a ratsa. Kogin dutse kuwa ba shi da amana: ana iya yin ruwa can bisa tsauni, matafiyi yana ƙasa ko ɗigo bai gani ba, amma cikin sa'o'i kaɗan rafin da ya ratsa da safe iyakar idon sawu ya zama ambaliya mai tafiya da sa.

Hanya ta biyu ta fi gajarta ga mai ƙafa. Daga Serti a bi mota ta Mayo Selbe, a hau gangaren nan mai kwana-kwana zuwa tudun Mambila, wanda shi kansa ya kai mita 1,500 ko fiye, a isa Nguroje. Daga nan a bar kwalta a kama hanyar ƙasa zuwa Njawai, inda babur ya fi mota amfani, sa'an nan a sauka a taka. Jar ƙasar Mambila idan ta sha ruwa santsi gare ta kamar an zuba kuɓewa, da rani kuma ramukan da damina ta haƙa suna nan sun bushe suna jiran ƙafar babur. Bayan an bar ƙauyuka sai tuddai masu ciyawa, wannan na bin wancan, a hau a gangara a sake hawa, ta yadda mutum zai hango ƙololuwa tun da hantsi amma ya wuni bai taka ta ba. A nan ne karin maganar nan ta hangen Dala take cika.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Damina a can doguwa ce, takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba ko ma ta wuce, kuma a tsakiyarta ciyawa a kwari takan shanye tsawon mutum ta rufe turba ruf. Daga Disamba zuwa Maris ne hanya take buɗewa, bayan koguna sun janye an kuma ƙone ciyawa. Sai dai rani ya zo da nasa: ruwan sha yana wuya a bisa tudu, hazon hunturu yana rufe ido, ga kuma sanyi. Masana sun ƙididdige cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da awo 6 da ɗoriya a ma'aunin Salsiyas. Saboda haka wanda ya bar kwari yana gumi cikin 'yar shara, zai kwana bisa dutse haƙoransa na kaɗawa in bai yi guzurin bargo ba.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Ciwon nan na ƙarancin iska da yake kayar da masu hawan Kilimanjaro yawanci sai an wuce mita 2,500 yake farawa, Chappal Waddi kuwa bai kai nan ba. Ba a bukatar igiya ko tsani ko tukunyar iska. Duk haɗarin yana cikin hanyar: mashigin da ya cika, santsin gangare, da ɓacewa. A filin tudu turbar shanu ta yi rassa ta ko'ina, kowace kamar 'yar'uwarta, in gajimare ya sauko ya lulluɓe wuri, baƙo ba zai bambance gabas da yamma ba, wayar salula kuma a wurare da yawa ba ta da amfani. Wanda ya karye a can, asibitinsa kafaɗar abokan tafiyarsa ce har a kai inda babur zai iya zuwa.

Masu Riƙe Da Turbar

Wa ya shata wannan hanya, wa kuma yake riƙe da ita? Ba injiniya ba ne. Kofaton shanun Fulanin da suke zaune a rugage bisa tuddan ne ya fasa ta, ƙafafun manoma masu kai masara kasuwa da mata masu tallar nono suka daddale ta, ma'aikatan gandu masu sintiri da 'yan dako suke sare ciyawar da ta rufe ta. Su ne suka san mashigin da ya canza wuri bara, da itacen da ya faɗi ya tare hanya, da idon ruwan da ba ya ƙafewa. Wannan ilmi ne sosai, da ɗan gari kuwa akan ci gari. Amma ilmi ne da yake cikin kai, in mai shi ya tsufa ko ya yi ƙaura ya tafi da abinsa.

Abin da mai yawon buɗe ido yake ɗauka a matsayin jarrabawar ƙarfin hali ta mako guda, shi ne rayuwar waɗannan mutane ta kullum. Ta wannan turba ake kai mara lafiya asibiti, ta nan gishiri da kananzir suke hawa, ta nan malamin makaranta da mai allurar rigakafi za su bi in za su zo. Saboda haka maganar gyaran turbar Chappal Waddi, kafin ta zama maganar baƙi masu ɗaukar hoto, magana ce ta hakkin 'yan ƙasa.

Masu Cewa A Zuba Kwalta

Mun san abin da waɗansu za su ce: in dai hanya ce matsala, a kawo katafila a fasa titi har gindin ƙololuwa, a huta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ƙi rabinta ba. Garuruwan da suke bisa tudun Mambila a wajen gandu, irin su Njawai, sun cancanci hanyar mota mai biyuwa rani da damina, babu wani dalilin kare daji da zai sa a bar mai naƙuda a bayan babur cikin taɓo. Amma daga iyakar gandu zuwa ciki, mun ƙi.

Dalilinmu na farko tarihi ne na kwanan nan. A tsakiyar shekarun 2010 aka yi wa itacen madobiya wawaso a Taraba domin fitarwa zuwa ƙasar Sin, duk inda tirela za ta iya shiga sai da aka kwantar da shi, har hukumar duniya mai sa ido kan cinikin itatuwa da namun daji masu ƙarewa ta sa shi cikin jerinta a 2016, ta kuma dakatar da fitar da shi daga Nijeriya a 2018. Titin da zai kai baƙo cikin kurmi da safe, shi ne zai fitar da gungume da dare. Dalili na biyu ruwa ne. Daga waɗannan tsaunuka rafukan da suke ciyar da Kogin Taraba suke tasowa, shi kuma ya zuba cikin Binuwai. In aka aske kurmin da yake riƙe da ƙasar gangare, zaizaya za ta cike koguna da yashi, masunta da manoman fadama da ba su taɓa jin sunan tsaunin ba su ne za su biya.

Dalili na uku shi ne, ƙasashen da suke cin arzikin tsaunukansu ba titi suka yi musu ba. Babu motar da take kai mutum ƙololuwar Kilimanjaro, amma dubun dubatar mutane suke hawansa kowace shekara, domin an shata turbobi, an gina ɗakunan kwana a waɗansu, an kuma wajabta tafiya da ja-gora mai lasisi, ta haka dubban 'yan ƙasa suke samun abinci. A Ebarest ta wajen Nefal, kowace shekara kafin baƙi su iso, akwai ƙungiyar 'yan ƙabilar Sharfa da aikinsu ke nan su shiga wurin ƙanƙara mafi haɗari su kafa tsani da igiya, su riƙa gyarawa har lokacin hawa ya wuce. Su can sun gane cewa turba aba ce da ake yi wa hidima, mai ma'aikata da albashi. A Gashaka-Gumti ma an fara ganin alama tun 2017, lokacin da Hukumar Gandayen Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors domin tafiyar da gandun tare. Muna fata turba da masu riƙe da ita su sami babban rabo cikin wannan aiki.

Mu Dawo Gida

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Maska da tsaunin da yake can ƙarshen ƙasa? Ruwanmu kuwa har tsaki. Mu ma a kan tudun ruwa muke, domin daga wajejen Funtuwa Kogin Sakkwato ya taso. Ƙasarmu ba ta da tsauni mai mita dubu biyu, amma ƙauyen da yake bayan rafi a watan Agusta bai fi Chappal Waddi saukin zuwa ba. Masarar da take cika kasuwannin Funtuwa da Dandume da Bakori, da audugar da ta yi wa yankin suna, kafin su ga kwalta sai sun bi turba, a ka, ko a jaki, ko a amalanke, ko a babur. Wannan zango na farko shi ne mafi wahala, shi ne kuma wanda babu takardar ofis da ta san da shi.

An yi ƙoƙari a baya. Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya fasa hanyoyin burji a ƙasashen Funtuwa da Malumfashi da maƙwabtansu. A 1986 gwamnatin soja ta kafa hukumar abinci da hanyoyi da raya karkara, ita ma ta fasa nata. Amma fasa hanya daban, riƙe ta daban. Bikin buɗe sabuwar hanya yana da kida da hoto, share magudana da cike rami ba su da ko ɗaya, shi ya sa damina kaɗan suke isa su mai da burji kwazazzabo. A zamanin En'e akwai leburorin hanya masu diga da shebur da kwando, kowace ƙungiya da zangonta. Ba mu yi kewar mulkin wancan zamani ba, amma wannan dabara ta riƙe hanya kullum-kullum ba ta tsufa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci. Hanyar da hukuma ta manta, wani bai manta da ita ba. A Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora su da ƙafa cikin daji. Mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume sun san cewa masu wannan ta'asa da turba da burtali suke aiki, sun san kowane mashigi da kowace ratse. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk gwamnatin da saninta ya ƙare inda kwalta ta ƙare, ta bar sauran ƙasar ga wanda ya fi ta sanin daji. Gashaka-Gumti ma tana fama da masu farauta da masu saran itace da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, kuma turbar da ma'aikaci yake bi kullum ita ce mafi wuyar ƙwacewa.

Abin Da Muke Nema

Na farko, a rubuta. Kowace babbar turba ta zuwa Chappal Waddi a auna ta, a sa ta a taswira, da mashiganta da wuraren ruwa da na kwana, a kuma riƙa bayar da rahoton halin da take ciki wata-wata, a allon hedkwatar Serti, a intanet, da kuma rediyo cikin Hausa da Fillanci, domin makiyayi ya fi baƙo bukatarsa. Na biyu, a yi ƙananan ayyuka masu ɗorewa: kadarko a mashigan da suka fi cin rai, matakala da magudana a gangare mai santsi, tarin duwatsu masu alama inda turba ta rabu, da 'yan ɗakunan fakewa. Duk waɗannan ba su kai kuɗin kilomita kaɗan na kwalta ba. Na uku, a yi wa ja-gorori da 'yan dako rajista daga cikin mutanen wurin, a yanka musu lada sananne, a ƙayyade nauyin kayan da za a ɗora wa mutum, a koya musu taimakon gaggawa. Na huɗu, ƙananan hukumomi, waɗanda tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kula da hanyoyin yankunansu, su buɗe wa turba da kadarko layi na musamman a kasafin kuɗi, daga Sardauna da Gashaka har Funtuwa da Malumfashi. Inda jama'a suka tashi aikin gayya, a ba su siminti da ƙarfe da ma'aikaci mai sani, kada a sallame su da jawabin yabo.

Na biyar namu ne. Kowace shekara ɗaliban labarin ƙasa da safiyo da aikin injiniya suna rubuta kundin kammala karatu, da yawa a kan abin da aka riga aka rubuta sau goma. Me zai hana ɗalibi ya ɗauki turba guda ta ƙauyensu, ya bi ta da ƙafa rani da damina, ya zauna da dattawan da suka san ta, ya fitar da taswira da kiyasin kuɗin gyara ya miƙa wa ƙaramar hukumarsa? Me zai hana ƙungiyar ɗalibai ta shirya tafiya Gashaka a hutun hunturu, da izini da rakiya yadda doka ta ce, ta dawo da rahoton da na baya zai amfana da shi? Tafiya mabuɗin ilmi ce, gani kuma ya kori ji.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe kaɗan fayil ɗin hanyoyi zai zo teburin waɗansunmu. Ranar nan za a kawo mana jerin tituna masu manyan kwangiloli, ba za a kawo sunan ko turba guda ba, domin masu bin ta ba su da wakili a ofis. Mu ne ya kamata mu tambaya: ina mashigin da ya hana yara zuwa makaranta bana, nawa kuma kadarkonsa zai ci? Wanda ya tashi a ƙauye ya san amsar tun kafin ya tambaya. Allah ya ba mu ikon tunawa da ita bayan mun zauna a kujera, amin.